Naman kaza mai sunan shaho

Ɗan Birni: Jama'a, me ya haɗa shaho da naman kaza? Jamusawa na kiran wani naman kazan daji Habichtspilz, wato naman kazan shaho. Kamanni ne ko camfi?

Malam Na-Daji: Kamanni ne zalla, ɗan'uwa. Sunansa na kimiyya Sarcodon imbricatus. Hularsa ruwan ƙasa ce, takan kai faɗin santimita 25, an jera mata ɓawo mai duhu, wani kan wani, bakinsa a ɗage kamar gashin bayan shaho. Amma da matashin shahon ya fi kama, don shi ne ruwan ƙasa. In ya girma bayansa toka-toka yake komawa, ƙirjinsa da ratsi a kwance.

Hajiya Uwar Miya: Ka juya hular ka gani. Babu siraran faifai a ƙasa, ƙayoyi ne masu taushi, tsawonsu bai wuce santimita 1 ba. Ƙanana ake tsinka, tsoho ɗaci gare shi. A kankare ƙayoyin, a tafasa kamar minti 10, a zubar da ruwan, sannan a soya. Wasu busar da shi suke yi su daka ya zama kayan ƙamshi.

Malam Na-Daji: Hajiya, a ƙara da duba gindin. In ya yi shuɗi-kore, ɗan'uwansa ne mai ɗacin maɗaci, tafasa ba ta fitar da shi. Kuma shi naman kazan shahon ba ya nomuwa, jijiyoyinsa na manne da saiwar itacen sifurus, wani dogon itace mai ganye kamar allura, a dazukan Turai, da kaka yake fitowa.

Ɗan Birni: Madalla, na gode. Ashe ba zan gan shi a gindin suri ba.