Shin Isawa Kiristoci ne tun kafin zuwan mishan?

Dattijon ikilisiya: Ina nan a kan bakana cewa Isawa, wato mabiyan Malam Ibrahim, Kiristoci ne tun kafin Turawan mishan su taka ƙasar Hausa. Malam Ibrahim malami ne a Kano wanda ya ga irin girman da Alƙur'ani ya ba Annabi Isa, ya shiga koya wa almajiransa su bi Isa su kuma jira dawowarsa, har aka kashe shi a ƙarni na 19 saboda ya ƙi janye maganarsa. Wanda ya ba da ransa saboda sunan Isa, wa zai ce ba nasa ba ne?

Ɗalibin tauhidi: Baba, a gafarce ni, amma girmama Isa daban, zama Kirista daban. Isawa ba su da Littafi Mai Tsarki, ba su yi baftisma ba, kuma Isan da suka sani shi ne na Alƙur'ani, inda ba a yarda an gicciye shi ba. Manzo Bulus kuwa ya rubuta wa Korantiyawa cewa in Almasihu bai tashi daga matattu ba, bangaskiyarsu banza ce.

Malamar Makarantar Lahadi: Ɗana, ka cire baftisma daga lissafinka, domin ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai shiga ruwa ba, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Afolos ma, wani mai wa'azi na zamanin manzanni, ya yi wa'azin Yesu da himma alhali baftismar Yahaya kaɗai ya sani.

Ɗalibin tauhidi: Mama, ɓarawon ya ga gicciyen da idonsa. Afolos kuma sai da Akila da Bilkisu, abokan aikin Bulus, suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah. Haka Dokta Miller, Baturen mishan, ya yi da jikokin Isawa da suka zauna a Gimi kusa da Zariya: sai da aka koyar da su sannan aka yi musu baftisma.

Dattijon ikilisiya: To, su da kansu suka karɓi koyarwar da hannu biyu, domin dama ita suke jira. Ni dai na san masu katin baftisma ninke a ƙasan akwati, waɗanda ba sa zuwa majami'a sai ranar Kirsimeti, kuma ban taɓa jin an tuhumi sunansu kamar yadda kake tuhumar na Malam Ibrahim ba.