Wai da gaske matuƙin jirgi na kashe inji kafin ya sauka?

Alhaji mai shago: Salamu alaikum 'yan fada. Ranar da muka dawo Umara, saura kamar rabin awa mu sauka Kano sai ƙarar jirgin ta ɗauke. Wallahi kashe inji suka yi don tsimin mai, irin na 'yan kabu-kabu a gangara. Da rayukanmu a ciki!

Direban Yamai: Ni ban yi mamaki ba, Alhaji. Duk mai tuƙi ya san wannan dabara.

Malamin lise (sakandare): Alhaji, kunnenka bai yi ƙarya ba, amma injin bai mutu ba. Rage shi aka yi zuwa ƙarshen ƙasa, kamar motar da aka tayar ba a taka totur ba. Shi ke ba jirgin lantarki da iskar da kuke shaƙa, wa zai kashe shi? A da, matakala-matakala ake saukowa: a sauko, a miƙe, a sake saukowa. Duk miƙewa sai an ƙara wuta, ga shan kananzir ga ruri bisa kan mutane, tunda a ƙasa-ƙasa inji ya fi cin mai. Yanzu so ake ya zauna can sama har lokaci ya yi, sannan ya gangaro a layi ɗaya, wajen digiri 3, wato yana rage mita 50 da 'yan kai a kowace kilomita. Wanda ke mita 11,000 sai ya fara tun saura kilomita 200, kusan nisan Maradi da Kano a sama. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da littafin ƙa'idar wannan salon sauka a 2010.

Hajiya ta Zariya: To Malam, in haka ne me ya sa 'yata da ke kusa da filin jirgin Yamai har yau sai ta toshe wa jariri kunne?

Malamin lise: Nan kam kin kama ni, Hajiya. Masu nisa da fili ne ke samun sauƙin. Gab da sauka an saki tayoyi, an buɗe fikafikai, dole a ƙara wuta. Maƙwabcin fili sai haƙuri.

Ɗan ƙanen Alhaji: Kuma ba matuƙi kaɗai ke yanke shawara ba, Kawu. Sai masu kula da sararin sama sun ba shi hanya, a Nijar hukumar ASECNA ke nan. Inda jirage suka yi cunkoso, kamar Heathrow ta Landan, wani lokaci sai an sa su kewaye suna jiran layi.

Direban Yamai: Duk dai gangara ce, an sa mata sunan boko.

Malamin lise: Da bambanci, maigida. In hazo ya rufe titin sauka, matuƙi na tura wuta ya koma sama cikin 'yan daƙiƙu. Kai in ka kashe a gangara, ko birkinka ba ya kamawa sosai.

Alhaji mai shago: Na ji. Amma ni dai har muka taɓa ƙasa carbi bai bar hannuna ba.