Littafin da kuka sake karantawa bayan kun girma, yaya kuka same shi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu ji daga bakin waɗanda suka koma wa wani littafi da suka karanta suna yara, ko labari ne, ko waƙa, ko na addini. Shin yadda kuka bar shi haka kuka tarar da shi?

Malamin sakandare, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ni nawa Shaihu Umar ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A makaranta an sa mu karanta shi don jarrabawa, abin da ya dame ni kawai in riƙe sunayen garuruwa da yadda aka sace Umar har ya kai Masar. Yanzu da nake da 'ya'ya, Umar ɗin bai tsaya mini a rai ba, uwarsa ce ta hana ni barci. Mace ta bar gida neman ɗanta, ita ma aka bautar da ita a hanyar hamada, da ƙyar ta gan shi, ba ta jima ba ta rasu. Littafin siriri ne, ya fito tun 1934, amma sai da na riƙa ajiye shi ina hutawa.

Mai ɗinki, Kano:
Malam, ku maza sai yanzu kuke ganin uwar? Mu tun farko ita muka gani. Ni dai Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu na sake ɗauka. Ina budurwa na karanta shi a ɓoye, aro daga ƙawata, don a gidanmu ana cewa littattafan soyayya lalata tarbiyya suke. Wace soyayya? Rabi ce mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara saboda amarya, ta koma sayar da abinci ta riƙe gidanta. Lokacin nan murna na yi da Alhaji Abdu ya talauce, na ce Allah ya ƙara. Wannan karon ƙarshen ne ya ba ni haushi, yadda dangi suka taru a kanta sai ta koma masa. Har yau ban yanke ba, marubuciyar goyon bayan komawar take yi, ko nuna mana take yadda ake yi wa mata. Na fi karkata ga na biyun.

Direban tirela, Maraɗi:
Hajiya, ni ma haka na fahimta, ko da yake ni karanta mini aka yi. Nawa kuwa Ruwan Bagaja ne, kuma bai canza mini ba ko kaɗan. Duk inda Malam Zurƙe ya ɓullo dariya nake, yau kamar jiya. Ba kowane littafi ne sai an yi kuka ba.

Ɗalibar jami'a, Zariya:
Baba direba ya yi gaskiya. Amma ni akasin haka ya same ni da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Ina firamare ya rikita ni, yaro Bahaushe a sararin samaniya! Da na sake dubawa bara sai na ga labarin ya yi mini sauƙi da yawa. Duk da haka ina girmama shi, don kaɗan ne suka gwada irin wannan rubutu da Hausa.

Dattijo, Katsina:
Yara, ba wanda ya ambaci waƙa. Mu Imfiraji na Aliyu Namangi a kunne muka fara saninsa, daga bakin makafi masu bara a ƙofar gida da tasha. Muna bin amshi ba mu san me ake cewa ba. Sai da na yi furfura na sayi bugaggen na zauna da shi, na isa inda yake maganar mutuwa da kwanciyar kabari, jikina ya yi sanyi. Abokan da muka rera shi tare yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Mai ɗinki, Kano:
Allah ya jiƙansu, Baba. Bugun wane kamfani ne naka? Na nema a Sabon Gari ban samu ba.

Dattijo, Katsina:
Amin 'yata. Na NNPC ne, kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya. Ki tambayi masu tsofaffin littattafai a bakin masallacin Juma'a, a can na samu nawa.