Me ya kamata mu rubuta game da kakanmu, tsohon sojan Bama?

Jikan Tsohon Soja, Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Allah Ya yi wa kakanmu rasuwa yana da kusan shekara 100, kuma iyali sun ɗora mini nauyin rubuta taƙaitaccen tarihinsa da za a karanta ranar addu'ar arba'in. Ya yi aikin soja a rundunar Gold Coast (Ghana ta yanzu), ya je yaƙin Bama (ƙasar Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan an sallame shi ya kama kafinta har ƙarfinsa ya ƙare. Kawunnena suna so a cika takardar da labarin yaƙi da lambobin yabo, gwaggonnina kuwa sun ce su ba su san soja ba, uban da ya ciyar da su da guduma da zarto suka sani. Ina neman shawararku kan abin da ya fi cancanta a gabatar, da inda zan tabbatar da labarin aikin sojan nasa.

Tsohon Malamin Makaranta, Nima, Ankara:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa aljanna ce makomarsa. Fara neman littafin sallamarsa a cikin akwatinsa, domin a nan ake rubuta lambarsa da bataliyarsa. Sojojinmu sun je Bama ne a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har aka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945. Wasu tun kafin nan sun yaƙi Italiyawa a Habasha a 1941, kuma daga can barikin Uaddara na Kumasi ya samo sunansa. Idan littafin ya ɓata, ka tuntuɓi hukumar tsofaffin sojoji ta VAG, sannan ka leƙa gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Turawa a tsakiyar Kumasi, ka ga irin kaki da makaman zamaninsu.

Kada kuma ka tsaya a fagen fama. Mutanen nan sun dawo gida suka tarar da alkawuran fansho da aikin yi ba su cika ba, abin da ya sa tsofaffin sojoji suka yi tattaki zuwa fadar gwamna ta Osu ranar 28 ga Fabrairu, 1948, inda aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa kakanka ya rungumi sana'a hannu bibbiyu, tun da ya ga babu wanda zai riƙe masa gida sai guminsa.

Hajiya, Asawase:
Jikana, ni ina bayan gwaggonninka, ko da yake ban raina kaki ba. Aikin soja 'yan shekaru ne a rayuwarsa, sana'a da riƙon gida kuwa su suka cinye sauran, kuma su ne mutanen da za su zauna a kan tabarmar addu'a suka shaida da idonsu. Ka zauna da matan gidan tun suna da rai ka tambaye su marayu nawa ya riƙe, 'ya'yan dangi nawa ya aurar, da yadda ya yi a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busia ta umarci baƙin da ba su da takardun zama su bar ƙasa cikin mako 2. Zangon Kumasi ya ga tashin hankali a wancan lokaci, an rabu da maƙwabta na shekara da shekaru, wasu sun bar gidaje da kaya a hannun amintattu. Idan kakanka yana cikin waɗanda aka bar wa amana suka riƙe ta, to wallahi wannan ya fi kowace lamba nauyi a wurina. Mata suna riƙe irin waɗannan labarai fiye da yadda maza suke zato, sai dai ba a cika tambayarsu ba.

Kafinta, Sabon Zango, Kumasi:
Allah Ya gafarta wa Baba. A sana'armu, sunan maigida yana rayuwa ne a hannun yaran da ya yaye. Ka nemo su, ka ba ɗaya daga cikin dattawansu dama ya yi magana a wurin addu'ar, ka kuma rubuta masallatai da makarantun da ya yi wa ƙofofi da tagogi da benci, musamman waɗanda bai karɓi kuɗin aikinsu ba.

Jikan Tsohon Soja, Aboabo, Kumasi:
Na gode ƙwarai, iyayena, Allah Ya saka da alheri. An samu littafin sallamar, kuma gwaggona ta amince mu zauna bayan sallar Juma'a in ɗauki maganarta a waya. Baba Kafinta, ina roƙon ka taimaka mini da neman tsofaffin yaransa, domin an ce wasunsu suna da shago a Anloga.