Shin Dole Ne Azzalumi Ya Ga Sakamakonsa Tun A Duniya?

Baba Mai Goro, Kwarbai: Assalamu alaikum jama'a. Kun ji abin da ya sami matar marigayi maƙwabcinmu. Filin da mijinta ya bar wa marayu a bayan gari, wani mai kuɗi ya zagaye shi da katanga, ya ce duk inda za ta je ta je. Ta ce ta bar shi da Allah, ni kuma na ce ta yi daidai. Ku zuba ido, ba za a daɗe ba za mu ga ƙarshensa. Babu azzalumin da ke barin duniya bai ga sakayya ba. Fir'auna da ya ce shi ne ubangiji mafi ɗaukaka ruwa ya ci shi, Ƙaruna ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Ɗan Tudun Jukun: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma, amma "babu" ɗin nan ta yi nauyi. Idi Amin ya mulki Uganda daga 1971 zuwa 1979, an kashe mutane masu ɗimbin yawa a hannunsa. Ya koma Saudiyya ya zauna, ya rasu a asibiti a Jidda a 2003, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ina sakayyar da muka gani?

Baba Mai Goro, Kwarbai: Ɗana, mutumin da aka kora daga mulki ya mutu a ƙasar wasu, shi ne bai ga komai ba? Mobutu ma shekara 32 yana juya Zayar, a 1997 ya gudu, a Maroko aka binne shi.

Ɗan Tudun Jukun: To waɗanda suka mutu a kan kujerarsu aka yi musu jana'izar ban girma fa? Abin da nake tsoro Baba, idan muka ce wa baiwar Allahn nan lallai za ta ga faɗuwarsa, shekara goma ta wuce yana ƙara gina benaye, me zai faru da zuciyarta? Na san mutanen da irin wannan alkawarin ya sa suka fara tambayar ko Allah na jin su.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada: Ku duka kuna da hujja, amma a rarrabe. Baba na da hadisin Abu Bakrata da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa zalunci da yanke zumunci su ne suka fi cancantar a gaggauta wa mai su uƙuba a duniya. A maganar fili ma akwai Arwa 'yar Uwaisu, wadda ta kai ƙarar sahabi Sa'idu ɗan Zaidu wurin Marwanu, gwamnan Madina a lokacin, bisa ƙarya. Sa'idu ya yi addu'a, ta makance, ta faɗa rami a cikin filin nata ta mutu. Yana cikin Muslim.

Sai dai Allah bai yi mana alkawarin lokaci ba. Aya ta 42 a Suratu Ibrahim ta ce kada a zaci Allah ya gafala daga abin da azzalumai ke yi, yana jinkirta musu ne zuwa ranar da idanu za su fito zuru-zuru. Ranar ƙiyama aka ambata, ba baɗi ba. Ku duba Suratul Buruj: an jefa muminai a ramin wuta, surar ba ta ba mu labarin halakar masu ramin a duniya ba, azabar lahira ta yi musu tanadi. Saboda haka gaggautawa na faruwa, amma ba dole ba ce. Wanda ya jingina imaninsa ga ganin faɗuwar maƙiyinsa da idonsa, sharaɗi ya gindaya wa Ubangiji, kuma wannan ma wani reshe ne na girman kai.

Ɗalibar Lauya, Kongo: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni damuwata daban ce. Filin nan ba nata ba ne ita kaɗai, tumunin takaba kawai take da shi, sauran na marayu ne. Tana da ikon yafe nata, amma wa ya ba ta ikon sallama nasu? Kuma duk ranar da aka yi shiru, mai katangar yana samun damar yin takardu, shaidu kuma suna tsufa suna mutuwa.

Goggo ta Samaru: 'Yar nan, ba ki san zaman kotu ba. Kuɗin mota, kuɗin lauya, yau a ɗage gobe a ɗage. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ta ciyar da yara, da me za ta ja da shi? "Allah ya isa" ita ce abin da talaka ya mallaka, kada ku raina ta.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada: Ba mu raina ta ba Goggo. Da Annabi (SAW) zai tura Mu'azu Yaman, cewa ya yi ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, don babu shamaki tsakaninta da Allah. Amma shi ne kuma ya ce a taimaki wanda aka zalunta, a taimaki azzalumi ta hanyar riƙe hannunsa. Addu'a tata ce, riƙe hannun namu ne. Ina tsoron mu maƙwabta muna cewa "a bar wa Allah" ne don muna shakkar mai kuɗin.

Baban Wusasa: Ku ba ni dama in sa baki a matsayin ɗan uwanku Kirista. A Romawa 12:19 an hana mu ramuwa, an ce ta Ubangiji ce. Amma a Luka 18 akwai gwauruwar da ta yi ta komawa wurin alƙalin da ba ya tsoron Allah har ya bi mata hakkinta. Hana ramuwa daban, neman hakki daban.

Baba Mai Goro, Kwarbai: Ni dai ina nan a kan bakana, zai gani kafin ya mutu. Amma maganar marayu ta shige ni. Ina wurin ranar da marigayin ya sayi filin, ni da liman muka sa hannu.

Ɗalibar Lauya, Kongo: To Baba kai ne shaidar da ake nema. A tambaye ta ko takardar cinikin na nan, a fara da mai unguwa da hakimi. Idan abin ya ƙi, akwai hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Goggo ta Samaru: Kuɗin motarta a kaina. Baba, ka tura yaro ya sanar da ita za mu shigo gobe bayan la'asar.