Don Allah ya za a ce "experimental film" da Hausa?

Mai Fassara: Salam jama'a, gobe ƙarfe 9 zan shiga situdiyo kuma na maƙale. Fim ɗin Chantal Akerman ne 'yar Beljiyam, No Home Movie na 2015, ta kafa kyamara a gidan mahaifiyarta a Brussels suna hira a kicin, wani lokacin ta kiran bidiyo na Skype, uwar da ta tsira daga Auschwitz, sansanin kisan ƙare dangi na 'yan Nazi, ta rasu a 2014, Akerman ma ta bi ta a Oktoban 2015. Ba jarumi ba bos, bishiya ma iska na kaɗa ta sai a bar ka da ita mintuna. Na rubuta "fim ɗin gwaji" amma bai kwanta min ba. Baƙin cikin rashin uwar kuma na rubuta "makoki".

Ɗan Damagaram: Gwaji kamar ba a gama shi ba kenan. Fim mai sabon salo?

Anti: Sabon salo ai ko waƙar gala sabon salo ce. Fim mai saɓa ƙa'ida ya fi. Kuma kar ka ce makoki, makoki zaman mutane ne, abin da ke cin ɗiyar alhini ne.

Baffa: Ku fara gyara "fim" tukuna, majigi muka gada. Ni na daɗe ina cewa majigin bazata.

Anti: Baffa da girmanka, majigin ma daga magic lantern, tsohuwar na'urar haska hoto ta Turawa, aka aro shi fa 😂

Baffa: Aron da ya kwana ya zama ɗan gida. Ku yaran yanzu kunyar Hausa kuke ji shi ya sa.

Ɗan Damagaram: Mu nan silima muke cewa, kullum sai Kano ce za ta yanke mana?

Mai Fassara: Don Allah a dawo. Saura "queer", kalmar Turanci ta masu son jinsi ɗaya da makamantansu, masu sharhi na sa Akerman a wannan rukunin tun fim ɗinta na 1974. In na ce maɗigo zagi za a ji, ɗan daudu kuma wani abu ne daban.

Anti: Ita kanta ba ta son a laƙaba mata irin sunayen nan. Ka faɗi kalmar yadda take sau ɗaya, ka ce tana son mata 'yan uwanta, ka wuce.

Mai Fassara: To alhini ya zauna, saɓa ƙa'ida zan ɗauka duk da ya yi tsawo a baki. Na gode Anti.

Baffa: Ba komai. Majigin bazata dai yana nan, za ku dawo kansa.