Ta yaya ƙwayar bakteriya ta E. coli ke "sabawa" da sinadarin da take bi?

Ɗalibi_Dundaye: Salamu alaikum malamai. An ce idan aspartet (wani sinadari da ke jawo ƙwayar) ya kama Tar (furotin da ke jin sa a jikin ƙwayar), aikin CheA (furotin da ke isar da saƙon Tar) yana raguwa, ƙwayar ta miƙe da iyo. To me ke dawo da ita juye-juye alhali sinadarin yana nan?

Malama_Mabera: Wa alaikumus salam. CheA ke ba furotin CheY fosfet (sinadarin da ke kunna shi), CheY kuma ya kama FliM, wani sashe na injin bulalar da ƙwayar ke iyo da ita, injin ya juya baya, ƙwayar ta hantsila. Aspartet ya rage wannan nan take. Amma furotin CheR ba ya tsayawa, yana ɗauko methyl (wani ɗan guntun sinadari) daga SAM (sinadarin da ke ɗauke da shi) yana liƙa wa gulutamet (ɗaya daga tubalan ginin furotin) a wurare 4 na jikin Tar. Furotin CheB mai cire methyl ɗin kuwa sai da fosfet daga CheA yake ƙarfi, don haka da aikin CheA ya ragu sai ya yi sanyi. Methyl ya taru, CheA ya farfaɗo. Ka lura, kamun sinadari na faruwa cikin ƙiftawar ido, methyl kuwa a hankali yake taruwa. Wannan tazarar ce ke ba ta damar gwada yanzu da daƙiƙun baya.

Malam_RunjinSambo: Haka ne, Malama. Ƙwayar da ta rasa CheR iyo kawai take, wadda ta rasa CheB hantsilawa kawai. Dukkansu ba sa yin zoben da ƙwayoyi masu lafiya ke yi idan suna bazuwa a farantin gwaji.

Idan za ka gwada: agar (sinadarin da ke daskarar da ruwan faranti) kashi 0.3 cikin ɗari da tiriftan (tryptone, abincin ƙwayar), ka soka ƙwayar a tsakiya, ka ajiye a digiri 30 na Selsiyas. Da zafin Sakkwato kada ka bar shi bisa tebur, yawan zafi na hana ta yin bulala. Kada ka sa gulukos, shi ma yana danne yin bulalar.